Daga Gogen Babule Zuwa Bidiyon Waya: Yadda Kamara Ta Riski Makaɗan Kurfai

Kiɗan da ya samo tushe a ƙasar Kurfai ya fara shiga fim ne a can nesa da gida, a bayan birnin Ankara na Gwalkwas, wadda yau ake kira Gana. Ba kuma don makaɗan aka kafa kamarar ba.

Asalin labarin yana Shikal, wani ƙauye na Dallol Boso kusa da Filinge. A wajen 1925 wasu baƙin iskoki suka fara hawa kan wata mata mai suna Shibo, iskokin da ba a san su a bori ba: gwamna, kumandan, sojoji masu fareti da sara wa juna, kamar yadda Nasara ke yi a bariki. Matasa suka yi ta binta, suka juya wa sarkin Kurfai Gado Namalaya baya, shi da Faransawan da suka ɗaure masa gindi. Kumandan Croccichia na Yamai ya sa aka kame su aka tsare. Abin bai mutu ba, sai ma shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kumandan Mugu. Hausawa na ce musu Babule, Zabarmawa kuma Hauka, kuma 'yan ci-rani ne suka gangara da su har bakin teku.

A can Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ɗauki taronsu na shekara a 1954. Iska ba ta sauka sai da kiɗa, don haka mai goge yana wurin. Sai dai kamarar Rouch irin wadda ake murɗawa da hannu ce, ba ta kai rabin minti take tsayawa, sautin kuma dabam ake ɗaukarsa. Ba yadda za a yi a daidaita hannun mai goge da kukan gogen. Da fim ɗin, Les Maîtres fous, ya fito a 1955, muryar Rouch ce a sama tana bayani, kiɗan yana can ƙasa-ƙasa. Turawan Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas, ɗaliban Afirka a Paris suka fusata da shi, aka ba shi kyauta a Venis a 1957. Duk surutun nan a kan waɗanda iska ta hau suna kumfar baki aka yi shi, makaɗi kuwa ba wanda ya tambayi labarinsa.

Sai a 1971 abin ya juya, a Simiri ta Zarmaganda, maƙwabciyar Kurfai ta yamma. Lokacin an samu kamarar da ake saɓawa a kafaɗa tana tafiya daidai da na'urar ɗaukar sauti. Mutanen garin sun shirya wasa don neman tsarin amfanin gona daga fara, an kwana uku ana kiɗa ba iskar da ta sauka. Rana ta huɗu Rouch da mai ɗaukar sautinsa Musa Hamidu suka ce bari dai su ɗauki tsofaffin gangunan nan biyu, turu da bitti, tun ba su ɓace ba. Ya shiga fili yana ɗauka ba yankewa. Makaɗan sun gaji har sun tsaya, da suka ga kamara ba ta tsaya ba sai suka zaci ya hango wani abu, suka koma kan kiɗa, nan take iskar Kure ta hau. Fim ɗin, Tourou et Bitti, kimanin minti 10 ne a ɗauka guda. Rouch ya yi imani cewa kamararsa ce ta jawo hawan. Wannan magana ce da 'yan bori za su iya yi masa gardama a kai, amma ba a gardama cewa a nan mai kallo ya ga hannu ya sauka a kan fata ya kuma ji ƙarar a lokaci guda.

Mawaƙan gari kuwa murya ce ta yi musu tafiya, ba hoto ba. Mamman Gawo Filinge rediyo da kaset ne suka kai shi Sakkwato da Kano, inda mutane da yawa suka haddace waƙoƙinsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Wani ɗan yankin ne ya buɗe ƙofar hoto. Seyni Kunce, haifaffen Fandu a yankin Filinge, ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. A zamaninsa aka raya samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a 1976, aka kuma mayar da talabijin ɗin makarantu na 1964 ya zama Télé Sahel a 1979. An kai akwatunan kallo masu aiki da hasken rana ƙauyuka. Makaɗi ya shiga akwati, amma a tsaye gaban kamarar gwamnati, yana waƙar haɗin kai da noma da ci gaban ƙasa. Hoton shaida ce kawai cewa ya yi waƙar.

Kano ce ta ɓata wannan tsari. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa suka cika kasuwannin Nijar, kuma daga zamanin fim ɗin Sangaya waƙar fiyano da rawa suka zama abin da ke sayar da kaset. Aka koma tsara waƙa tun farko da tunanin yadda za ta fito a ido: wane lambu, wace shiga, wa zai hau kan muryar wa. 'Yan rap na Yamai irin su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka bi tasu hanyar da bidiyon waƙa, tashoshi masu zaman kansu suna nunawa. Makaɗin jita Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta memori, a 2015 kuma ya fito a fim sukutum da aka gina a kan jitarsa a Agadas. Da can mai kamara ke neman makaɗi. Yanzu mawaƙi ke neman mai kamara, ya biya shi daga aljihunsa, ya ɗora a YouTube da TikTok.

Wanda aka bari a baya shi ne mai goge da mai ƙwarya na ƙauye, wanda ba ya da kuɗin bidiyo, ga wa'azi ya rage masa masu gayya, ga rashin tsaro a jihar Tilaberi ya rage taruka. Wayar da ke aljihun saurayin Filinge a yau tana ɗaukar hoto da sauti tare, abin da Rouch bai samu ba a 1954. Duk wanda ya samu tsohon makaɗi a Shikal ko Bonkuku, ya nemi izininsa ya ɗauke shi yana kiɗa, ya kuma rubuta sunansa da garinsa da shekarar a jikin bidiyon.