Homon

homon (suna, namiji, kalmar aro). Sinadarin da jiki ke sakawa cikin jini don ya kai saƙo ga gaɓoɓi, kamar insulin mai daidaita sukari, ko testosteron. Idan testosteron ya yi wa mace yawa, al'ada kan rikice, gashi ya tsiro a haɓa, ciki ya yi wuyar samuwa. Alamun cutar ma'ajiyar ƙwan mace ke nan, wadda likitocin Togo ke kira SOPK. Likitoci Stein da Leventhal ne suka bayyana ta a 1935. Sau da yawa jikin mai ita ba ya jin insulin, har ciwon sukari ya biyo baya.

*Misali:* "Yaya, gobe zan bar Cinkassé zuwa asibitin Dapaong a auna mini homon."