Yadda Muka Koyi Sauraron Taransifoma

Tsofaffin da suka koya mana aiki a tashoshin wuta sukan tokara busasshiyar sanda a jikin tankin taransifoma, su kara kunne a ɗaya bakin. Gurnanin ƙarfen ciki suke ji, mai bugawa sau 100 a daƙiƙa. Amma ciwon da ke kashe taransifoma ba a nan yake ba. Ɗan tartsatsi ne da ke tashi cikin kumfar iska, ko cikin takardar da aka naɗe waya da ita, yana cin ta sannu a hankali har ranar da za ta huje. Sautinsa ya yi wa kunnen ɗan Adam siriri da yawa.

A 1956 J. G. Anderson na kamfanin General Electric a Amurka ya nuna ana iya kama sautin, har a bi sawunsa. A shekarun 1970 R. T. Harrold na Westinghouse ya zurfafa binciken, sannan a 1992 Lars Lundgaard na Norway ya tattara ilimin a rubuce-rubucen da har yau ake ba sabon shiga ya karanta.

Aikin a baki da sauƙi. Ka shafa giris, ka manna na'urorin jin sauti aƙalla huɗu a jikin tanki da maganaɗisu, galibi masu kama kilohaz 150, ka auna wacce ta riga ji, lissafi ya nuna maka wurin. To, a nan gizo ke saƙa. Cikin mai, sauti na cin kusan mita 1,400 a daƙiƙa, cikin ƙarfe kuwa ya ninka haka sau huɗu. Sai ya isa bango, ya bi ƙarfe, ya riga wanda ya miƙe ta cikin mai zuwa. Wanda bai san wannan ba sai ya sa a kwashe mai, a buɗe tanki, a tarar da wurin lafiya lau. Ga kuma ruwan sama, da fanka, da noti mai lilo, da yashin da iska ke watsa wa tanki, duk suna shiga na'urar.

Shi ya sa ba na yarda da sauti shi kaɗai. Gwajin iskar da ta narke cikin mai, wanda Michel Duval na Hydro-Québec ya sauƙaƙa fassararsa a shekarun 1970, shi ke fara cewa akwai ciwo, musamman in haidirojin ta hau. Awon lantarki bisa ƙa'idar IEC 60270 ya faɗi girmansa. Sauti wuri kawai yake nunawa. Daga baya masu bincike a Jami'ar Stuttgart ta Jamus suka haɗa shi da eriya mai kama siginar rediyon tartsatsin daga cikin tanki, aka san ainihin lokacin da ya tashi, lissafin ya ƙara tsabta.

Har yanzu dai tartsatsin da ya nutse can cikin naɗin waya, takarda da kwali sukan shanye sautinsa kafin ya kai bango. Saboda haka in haidirojin na hawa na'ura kuma ta yi shiru, ba ma rubuta "lafiya" a rahoto. Mu sake ɗibar mai, mu canja wa na'urorin wuri.