Faculi: Daga Maganin Asu Zuwa Turaren Manya

Abin da zan ɗan taɓo a wannan maƙala shi ne tarihin wani ganye da Turawa ke rubuta sunansa patchouli, mu kuwa sai mu ce faculi. Tsiro ne ɗan dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya, asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Sunan ya fito ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa "koren ganye". Ɗanyensa ba shi da wani ƙamshi na a zo a gani. Sai an shanya shi ya bushe, an turara shi da tururi, sannan ake samun mai mai kauri, mai ƙamshi kamar na ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Wannan mai kuwa ƙara kyau yake yi in ya daɗe a ajiye.

Ba a matsayin turare ya fara shiga Turai ba. A ƙarni na 19 matan attajiran Faransa da Ingila sun yi yayin mayafan Kashmir, waɗanda ake saƙawa da lallausan gashin awaki. Da yake tafiyar jirgin ruwa ta watanni ce, sai fatake su riƙa cusa busasshen faculi a cikin kayan don kada asu ya cinye su. Kafin a isa, ƙamshin ya kama zaren. Ta haka masu saye suka ɗauke shi shaidar cewa mayafi na asali ne. Da masaƙan Turai masu kwaikwayon mayafan suka gane sirrin, sai su ma suka shiga sanya wa nasu, musamman bayan ganyen ya isa kasuwar Landan wajen 1844.

Daga nan masu haɗa turare suka karɓe shi. A wurinsu turare hawa uku ne: ƙamshin sama mai saurin gushewa, na tsakiya, da na ƙasa wanda ke kwana a tufafi. Faculi a ƙasa yake zama, yana riƙe sauran kada su tsere da wuri. A 1917 François Coty ya sa shi cikin turarensa mai suna Chypre, wanda ya zama uban wani babban dangin turaruka. Haka nan yana cikin Miss Dior na 1947.

Amma a shekarun 1960 darajarsa ta zube. Samarin Amurka da Turai da ake kira hifi, masu bijire wa al'adun iyayensu, suka riƙa shafa mansa mai arha, har mutane da yawa suka ɗauke shi warin marasa wanka. Duk da haka masu sana'ar ba su yar da shi ba, kuma a 1992 kamfanin Thierry Mugler ya fito da Angel, inda aka gauraya shi da ƙamshin alewa, ya sake zama abin yayi.

Abin lura a nan shi ne, ganyen bai sauya ba tun daga akwatunan fatake har zuwa yau. Mutane ne suka yi ta sauya masa matsayi, gwargwadon wanda suka ji yana ƙamshinsa. A yanzu mafi yawan man faculi na duniya daga Indonesiya yake fitowa, daga ƙananan manoman Sumatra da Sulawesi, waɗanda ke kiransa nilam. Sunan kamfani ne ake bugawa a jikin kwalba, nasu kuwa ba ya fitowa.