Kalmar Ɗiba da Zamanin Kuza

Duk wanda ya yi nazarin luggar Hausa cikin natsuwa zai tarar cewa ɗiba, a asalin ma'anarta, kalma ce mai ladabi, domin kuwa yarinyar da ta zura guga a rijiya, da maigidan da ya hau rumbu ya sauko da damin gero, kowannensu gwargwadon lalurarsa yake ɗauka ya bar saura. Wanda bai bar kome ba, ba a ce ya ɗiba, sai dai a ce ya kwashe, ko ya yashe.

A bisa wannan ƙa'ida mutanen Liruwe suka daɗe suna sana'ar kuza tun gabanin zuwan Nasara: su ɗebi yashin rafi a ƙwarya, su yi ta rairaya har baƙin ƙwayar ya kwanta a gindi, sa'an nan su narka, su fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake su ɗaure su nufi kasuwar Kano. Da Kamfanin Neja ya gano inda albarkar take a 1902, wani Bature mai suna Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta, jirgin ƙasa kuma ya iso Bukuru daga Zariya a 1914, sai al'amari ya sake kama.

Amma inda kalmar ta ga tasku shi ne 1942, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta wayi gari cikin ƙarancin kuzar yaƙi. Hukuma ta ɗora wa sarakuna, sarakuna suka ɗora wa hakimai, hakimai kuma dagatai, cewa kowane gari ya kawo adadi kaza na ƙarti domin haƙar kuza. Aka raba manomi da gonarsa, aka aza masa kwanon ƙasa a ka cikin hunturun Jos, alhali ba shi da bargo ba shi da wadataccen abinci, har da yawa suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Talakawa suka laƙaba wa abin suna ɗiban gwamna, kuma a ganina babu malamin balaga da zai fi su iya zaɓen lafazi, tunda sun nuna an mai da ɗan Adam tamkar hatsin rumbu. Sai a 1944 aka soke shi.

Ramukan haƙar kuzar suna nan har yau wajen Bukuru da Barikin Ladi, sun zama kududdufai masu zurfi, masu lambu na ɗiban ruwansu da rani suna ba tumatir da dankalin Turawa.