Kura, ƙura da injin buga takarda: daga ina manhaja mai ƴanci ta fito?

Bara, da muka gama haɗa ɗan littafinmu, ni aka ɗora wa aikin kai shi wurin fotokopi. Na sa rubutun a kile, na tafi wani shago kusa da kasuwa, na bar shi can na wuce aji. Da la'asar na komo, mai shagon ya miƙo mini kwafi arba'in, har an ɗinke su. Ina buɗe shafin farko na ga labarin wata ƴar'uwarmu daga Damagaram ya fara da cewa: "Da hantsi kura ta rufe gari." Ita ƙura ta rubuta, ƙurar hunturu. Baƙin da suka zo biki sun zama baki, ƙasa ta zama kasa.

Na ce masa, "Malam, mi ya hwaru haka?" Ya ce, "Ƙanena, da na buɗe abinka wasu ƴan akwatuna na gani cike da shafi. Baƙaƙen da kunka sa babu su cikin ordinatar ɗina. Sai na bi su ɗaya-ɗaya na gyara maka." Mutumin nan taimako ya yi niyya, ya ɓata awa guda yana share lanƙwasar haruffanmu. Dala biyar-biyar kowane shafi, kuɗin karo-karo ne, kuma sun tafi.

Daga baya muka gano inda gizo ke saƙa. Mun yi rubutun da wani tsohon zubin haruffa da muka gāda daga waɗanda suka riga mu, wanda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a gurbin wasu alamomi na dabam. In kwamfuta ba ta da wannan zubin, sai ta nuna abin da ta ga dama. Wani ɗan ajinmu mai karatun lissafi ya yi ta dariya, ya ce ai a kan injin buga takarda aka taɓa tayar da rigimar da ta canza duniyar kwamfuta. Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ne, kuma tarihin da na biyo ke nan nake son in ba ku.

Mu fara da abu ɗaya, don kada mu ɓace a hanya. Manhaja, wadda muka fi kira lojisiyel, fuska biyu gare ta. Akwai asalin rubutun da mutum ya yi da hannunsa, wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma abin da ake juya wannan rubutu ya koma, jerin sifili da ɗaya, wanda inji kaɗai ke fahimta. In an ba ka na biyun kawai, kamar an ba ka magani ne an riƙe laƙanin. Za ka sha, amma ba ka san abin da ke ciki ba, kuma in ya ƙi ka ba ka da ta cewa.

A shekarun 1950 da 1960 ba a cika ɓoye laƙanin ba. Kwamfuta guda kan cika ɗaki, jami'o'i da manyan kamfanoni da gwamnatoci kaɗai ke da ita, kuma injin ake saya, manhaja ta biyo a matsayin gyara. Tun 1955 masu aiki da injunan IBM a Amurka suka kafa ƙungiya mai suna SHARE don musayar abin da kowa ya rubuta. A 1969 ne IBM ya fara raba kuɗin manhaja da na inji. Daga nan rubutun ya zama haja.

A farkon 1976 wani saurayi mai suna Bill Gates, wanda bai daɗe da kafa Microsoft tare da Paul Allen ba, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu wasa da ƙananan kwamfutoci. Ƙorafinsa shi ne suna kwafar manhajarsa suna rarrabawa ba tare da sun biya ba, ya kuma kira hakan sata. Ban ga laifinsa duka ba. Wanda ya kwana yana aiki yana da hakkin ya ci guminsa, mu da muke rubutu mun san haka. A 1980 dokar Amurka ta fito fili ta sa manhaja cikin abubuwan da hakkin mallaka ke karewa. Ƙofofi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan injin buga takarda ya shigo. A cibiyar MIT da ke Amurka akwai wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman. Tsohon injinsu yakan cije takarda, sai ya gyara manhajarsa yadda in ya cije zai aika wa masu jira saƙo, wani ya tashi ya zare. Wajen 1980 kamfanin Xerox ya ba su sabon inji kyauta, mai sauri, amma shi ma yana cijewa, ga shi a wani bene na dabam. Mutum ya aika aiki, ya jira, ya taka ya tarar babu abin da ya fito. Stallman ya so ya yi irin gyaran da ya yi a baya, sai ya iske ba a ba su asalin rubutun ba. Ya ji labarin wani masani a jami'ar Carnegie Mellon yana da shi, ya je ya roƙa. Mutumin ya ce ya yi alkawari ba zai ba kowa ba.

Wani da ya yi tsaki ya manta. Stallman ya ɗauki abin a matsayin cin amana: an sa mutum ya yi alkawarin hana maƙwabcinsa taimako tun kafin ya san wane ne zai zo nema. A ranar 27 ga Satumba 1983 ya sanar da cewa zai rubuta cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta mai kama da Unix, wanda kowa zai iya ɗauka, ya sa masa suna GNU. A farkon 1984 ya ajiye aikinsa na MIT don kada jami'ar ta ce abin nata ne. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation.

Abin da suke nufi da ƴanci guda huɗu ne: ka yi aiki da manhaja yadda kake so, ka iya duba cikinta ka gyara, ka iya kwafa ka ba wani, ka iya raba gyaran da ka yi. Ku lura, babu maganar kuɗi a ciki. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci mun fi saurin gane wannan, domin "libre" dabam, "gratuit" dabam, alhali a Ingilishi kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin biyu. Ana iya sayar da manhaja mai ƴanci. Abin da ba a iyawa shi ne a sayar maka a kuma ɗaure maka hannu.

Dabarar da ta fi burge ni ta zo a 1989, cikin lasisin da ake kira GPL. An ɗauki dokar hakkin mallaka, wadda aka yi don hana kwafi, aka juya ta. Lasisin ya ce ka ɗauka, ka gyara, ka sayar in ka so, amma in ka raba abin da ka gyara dole ka ba na gaba ƴancin da kai ka samu. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan ƙa'ida. Yau an taru a gonarka, gobe in an kira ba ka da bakin cewa kana da uzuri.

Har zuwa 1991 mutanen GNU sun ƙera kayan aiki da yawa, amma ba su kammala ƙwayar tsarin ba, wato ɓangaren da ke magana da injin kansa. A ranar 25 ga Agusta na wannan shekara wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta wata ƙwaya don nishaɗi kawai, ba wani babban abu ba. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Ita ce Linux. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa aiko gyara ta intanet, aka haɗa ta da kayan GNU, tsari ya cika. Tun ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki. Ɗalibi ne fa, kamar ni da ku, sai dai shi kuran ba ya ɗauke masa.

A 1998 gidan ya rabu biyu. A farkon shekarar kamfanin Netscape ya ce zai buɗe asalin rubutun manhajarsa ta shiga intanet, wadda daga zuriyarta Firefox ya fito a 2004. Wasu suka ga kalmar ƴanci tana tsorata ƴan kasuwa, suka zaɓi sabon suna, "open source", wato buɗaɗɗen tushe. Hujjarsu ta aiki ce: in idanu da yawa na kallon rubutu, an fi saurin ganin kuskure. Stallman bai yarda ba, ya ce an ɗauki riga an bar mai rigar, domin shi maganarsa ta hakki ce. Har yau ba su daidaita ba, ko da yake yawancin manhajojin da ɓangarorin biyu ke nufi ɗaya ne.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da faɗan Turawa? Ka duba aljihunka. In talho ɗinka Android ne, ƙwayar Linux ke cikinsa, tun talho na farko da ya fito da shi a 2008. VLC da muke kallon fim da shi, mai alamar ƴar hula ruwan lemo, ɗaliban École Centrale ta Paris ne suka faro shi, aka sake shi ƙarƙashin GPL a 2001. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, sunan da ya ɗauko daga harsunan Zulu da Kosa, mai nufin abin da mu za mu kira mutuntaka. Har zuwa 2011 suna aika faifan CD kyauta ta gidan waya ga wanda ya nema, saboda sun san ba kowa ke da rezo mai ɗaukar kaya ba.

Mu komo kan kurarmu. Maganin ciwonmu ya girme mu. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suna ciki, har da wannan ƴ da mu a Nijar muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su sa 'y. Unicode ba manhaja ba ce, yarjejeniya ce a fili da kowa zai iya bi. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa irin su Charis da Doulos ƙarƙashin lasisi mai ƴanci, kuma suna ɗauke da haruffanmu. LibreOffice, wadda aka faro a 2010 daga OpenOffice, tana ajiye rubutu a sigar ODF, wadda ta zama ƙa'idar duniya a 2006. Amfanin haka shi ne ko manhajar ta mutu, wani zai iya ƙera wata da za ta buɗe takardarka. Mu kuwa muna da rubuce-rubucen yayyenmu na shekarun baya a wani kile, an yi su da wancan tsohon zubi, sai an bi su harafi-harafi kafin su karantu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada in yi muku ƙarya in ce komai daidai yake a wancan gida. A Afrilun 2014 aka gano wani rami, wanda aka sa wa suna Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Ramin ya yi kusan shekara biyu a fili ba wanda ya lura. Sai duniya ta farga cewa ƴan tsirarun mutane ne ke kula da ita, yawancinsu ba a biyansu, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. Gayyar da kowa ke zuwa cin tuwo amma mutum uku ke riƙe da hauya, ai kun san ƙarshenta. Haka kuma Linux da ke cikin talho bai sa talhon ya zama naka duka ba. WhatsApp da Facebook da muke wuni a kai rufaffu ne, ba mu san abin da suke yi da bayananmu ba sai abin da aka faɗa mana.

Akwai kuma gaskiyar da muka sani mu duka. Kusan kowace kwamfuta da na taɓa a wurin abokai, manhajar fashi ke kanta, wani ya fasa ya zuba mana a jikka ɗaya. Ba zan yi wa kowa wa'azi ba, ni ma da ita na koyi buga rubutu. Kuma in ka je neman aiki, Word da Excel za a tambaye ka, don haka ka koye su. Abin da nake cewa shi ne mun saba ɗaukar kyauta da fashi a matsayin ƴanci, alhali ba su ne ba. Manhajar da aka fasa tana nan a rufe, ba ka iya gyara ta, kuma ba ka san abin da mai fasawar ya cusa ciki ba.

Bana mun canza. Littafin da ke hannunka da LibreOffice aka buga shi, da haruffan Unicode, muka juya shi PDF kafin ya bar hannunmu, don zubin haruffan ya tafi tare da shi. Shagon bara na koma. Malamin ya buɗe, ya duba, ya ce, "A'a, yau baƙaƙen sun zo da ƙahonninsu." Na ce ya bar ni in zuba masa Charis a injinsa saboda na baya, ya ce in zuba. Minti biyu ya ɗauka.

Duk ƙungiyar ɗalibai da ke son zubin haruffan da manhajar, a Tawa ne ko Yamai, ta zo da kile mai wuri a taronmu na gaba. Sharaɗi ɗaya ne: in wani ya tambaye ku, ku ma ku ba shi.