Mai Bindiga a Dandali: Yaƙi da Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Katsina da Gobir

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi da Caduwa da Agye, to ya bi ta cikin ƙasar da yaƙi ya shata wa iyaka, ya kuma zaɓa wa manyan garuruwanta mazauni. Sau uku cikin shekara ɗari biyu mutanen wannan yanki suka ga mai makami a bakin ƙofa: zamanin dawaki da masu, zamanin bindigar Nasara, da wannan zamani na babura da kuɗin fansa. Abin da wannan maƙala take son dubawa shi ne yadda masu wasa suka amsa wa kowane zamani, da kuma dalilin da ya sa dabarar da ta yi musu amfani jiya take neman gazawa a yau.

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan karo ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Gazawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da gari kewaye da kafi da gwalalo, tsakaninsa da Katsina kuwa sai dajin da matafiya ba sa shiga sai cikin ayari. A irin wannan zamani, fasahar da ta fi kusa da yaƙi ita ce ta makaɗan fada da maroƙa: kirari, da take, da zuga jarumi har ya manta da mutuwa. Amma a gefe guda akwai wasu masu hikimar, wato ƴan kama da ƴan gambara da yaran tashe na watan azumi, waɗanda sana'arsu ita ce kwaikwayon manya don a yi dariya. Tun daga nan hanya ta rabu biyu, ta yabo da ta ba'a, kuma a kansu wasan kwaikwayonmu ya yi ta tafiya.

A 1899 wani irin yaƙi ya zo wanda kirari bai san sunansa ba. Rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta yi karo da Sarauniya a Lugu ta kuma ragargaza Birnin Ƙwanni, ta keto ƙasar Gobir da Katsina tana ƙone garuruwa. Rahotannin sojan Faransa da kansu sun ambaci gawarwakin mata rataye a itace a Tsibiri, da na ƴan mata ƙanana a Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Cikin kwana uku kuma sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu na nan a Mai Jirgi kusa da Tasawa. Babu makaɗin da zai yi wa wannan ɓarna take, babu kuma ɗan kaman da zai yi mata dariya a lokacin. Sai labarin ya koma cikin zaure da tsakar gida, kaka tana faɗa wa jika da murya ƙasa-ƙasa.

Amsar farko da aka ba wa sojan Nasara a bainar jama'a ta fito ne daga inda ba a zata ba. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki masu faretin soja, masu sara wa juna, masu riƙe bindigar itace da ba da oda cikin gurɓataccen Faransanci. Zabarmawa suka kira su Hauka, ƴan borin ƙasar Hausa kuma suka san su da sunan Babule. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya kama su ya kulle, ya azabtar da su. Sakamakon haka shi ne shi kansa ya zama iska a cikinsu, ana hawansa da sunan Kwamandan Mugu. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ga wanda ya yarda da bori, wannan ba wasa ba ne, kuma ba za mu kira shi wasan kwaikwayo kai tsaye ba. Sai dai dabarar da ke cikinsa dabarar ɗan wasa ce: a sa tufafin mai ƙarfi, a ari tafiyarsa da tsawarsa, har ya zama abin da jikin talaka zai iya ɗauka ya kuma ajiye. Wannan ne Jean Rouch ya ɗauka a Ankara cikin fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, wurin ƴan cirani daga Nijar, kuma hukumar Ingila ta Gwalkwas ta hana a nuna shi, domin ta gane wanda ake kwaikwaya.

Wasan kara na Damagaram ma a kan wannan tushe yake. Samari kan ƙera bindigogi da sauran kayan mulki da karan dawa, su naɗa nasu gwamna da nasu hafsoshi, su yi fareti gaban masu mulkin gaskiya, kowa na dariya. Bindigar kara ba ta kisa, amma tana rage wa ta ƙarfe kwarjini.

Bayan samun mulkin kai, marubuta suka ɗauki ɗaya hanyar, ta yabo. André Salifou ya wallafa wasansa Tanimoune a 1973, a kan Sarkin Damagaram Tanimun, mai ganuwa da igwa. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A tsakanin nan, gwamnatin Seyni Kountché da ta hau mulki a 1974 ta farfaɗo da samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa daga 1976, inda kowace jiha take kawo wasanta a yi gasa. Zamanin ne wasan Hausa ya bunƙasa a gidajen matasa da rediyo da talabijin, ƴan wasa irin su Yazi Dogo suka zama sanannu a kowane gida, har Ba'amurkiya Janet Beik ta rubuta littafi sukutum a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Wasanni ne da ba a rubuta su baƙi da fari: a zauna a shirya ƙashin labari, kowa ya sa nasa nama a dandali. Sun taɓo cin hanci da tsadar aure da gado da cirani. Amma da yake soja ne uban biki, shi ne kuma mai ba da kyauta, yaƙi ya fi fitowa cikin rigar tarihi, da rawani da sulke da jaruman da suka daɗe a kabari. Wanda ya ba ka dandali, ba ka cika tuɓe masa hula a kai ba.

To, sai ga zamani na uku. Rikicin da ya faro a Zamfara da satar shanu ya bazu zuwa Katsina da gabashin Sakkwato, ya zama kisa da ƙone ƙauyuka da sace mutane don kuɗin fansa. A watan Satumba na 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallako cikin jihar Maraɗi, kuma ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu rumbu da ɗaki. Daga baya aka matsar da wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Ƴan bindigar kuma suka biyo sawu, suna tsallakowa da dare su kora shanu su ɗauki mutane. Jikokin waɗanda suka gudo daga Katsina da Alƙalawa a ƙarni na 19 su ne suka tarbi masu gudu na ƙarni na 21.

A nan ne tsohuwar dabara take cijewa, saboda dalilai uku. Na farko, Kwamandan Mugu yana da kaki da hula da baƙon harshe, ana iya ararsu a yi masa ba'a. Ɗan bindigar yau kuwa rigarsa irin ta kowa ce, Hausarsa irin ta kowa, wani lokaci ma a kasuwa ɗaya ake cin tuwo da shi. Na biyu, idan ɗan wasa ya rasa kakin da zai ara, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ɗauko malafa da sanda da karin harshen Fulani, tun da Bafillacen wasa tsohon abin dariya ne a dandalinmu. Wannan sauƙi guba ne. Mutanen wannan jiha ba su manta da Toda ba, inda a ƙarshen Oktoba na 1991, ana tsakiyar Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Wasan da ya ɗora laifin ƴan bindiga a kan ƙabila guda ya zama ɗan zuga, alhali makiyaya na cikin waɗanda aka fi kwashe wa dukiya. Na uku, ƴan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kamar yadda ake cewa da ɗan gari akan ci gari. Mai kai musu labari yana iya kasancewa cikin ƴan kallo, ɗan wasa kuwa a ƙauyen zai kwana bayan an tashi.

Saboda haka masu wasan wannan zamani, a wurare da dama na Sahel, suka karkata ga wata hanya ta uku, wadda ta ɗauke ido daga mai bindiga ta mai da shi kan wanda bindigar ta taɓa. Asalin dabarar daga Augusto Boal ne, ɗan ƙasar Barazil, wanda ya ce a tsayar da wasa a tsakiya a kira ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar. Prosper Kompaoré ya dasa ta a Wagadugu da ƙungiyarsa tun 1978, malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma suka fita da irinta zuwa ƙauyuka cikin shekarun 1970, a Wasan Manoma na Soba da Wasan Maska. A talabijin ma, shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna yadda ake yaudarar matasa zuwa ta'addanci da yadda iyali ke ɗaukar abin da ya biyo baya. A irin wannan wasa ba a bukatar a nuna hari. Ya isa a nuna magidanci da ƴan'uwansa suna gardama a kan ko a sayar da gonar gado a fanshi matarsa, ko matar da aka sako tana shiga gida kishiya da maƙwabta suna kallonta, ko mai masaukin da hatsinsa ya ƙare a watan bakwai ga baƙi goma a zaurensa. Nan ne yaƙin yake zaune a yau.

Hanyar nan ma tana da nata rami. Yawancin irin waɗannan wasanni ƙungiyoyin agaji ne ke biyan kuɗinsu, kuma mai kuɗi yakan zo da saƙonsa a rubuce. Sai a ga wasa ya ƙare da kowa ya rungumi kowa, mai gari ya yi nasiha a kan zaman lafiya, a tafa, a watse, ba a tambayi inda bindigogin suke fitowa ba, ko wanda yake sayen shanun sata, ko yadda burtali ya koma gona. Ƴan kallon ƙauye sun fi kowa sanin bambancin wasa da wa'azin haya. Abin da ya sa wasannin zamanin samariya suka shiga zuciya shi ne ƴan wasan daga cikin jama'a suka ɗebo maganarsu, har mutum ya ji kamar a gidansa aka yi laɓe.

Mutanen Tsibiri da Koran Kalgo sun jira shekara 121 kafin fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya zo ya ɗauki bakinsu a kan abin da aka yi wa kakanninsu, kuma baƙi ne suka zo da na'urar. Bai kamata mutanen Garin Kaka su yi irin wannan jira ba. Muna da makarantun sakandare a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, muna da gidajen matasa da rediyon karkara, muna da yaran da suka gaji tashe da bakin ƴan kama. Abin da ya rage shi ne malamai da masu wasa su zauna da waɗanda abin ya shafa, da izininsu, a ɓoye sunaye, a saurara kafin a shirya, a kuma rubuta abin da aka shirya don kada ya bi iska kamar yawancin wasannin jiya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya ba mu ikon riƙe labarinta da bakinmu.