FASHIN BAƘI: Mene ne sukari, kuma daga ina zaƙinsa yake?

Abin da ake kira sukari dangi ne na sinadarai, dukkansu an gina su da kabon da haidurojin da iskar oksijin. Daga cikin ƙananansu akwai gulukos da furuktos. Yawan ƙwayoyin zarrar da ke jikin kowannensu ɗaya ne: kabon 6, haidurojin 12, oksijin 6. Tsarin jeruwarsu ne kawai ya bambanta, amma wannan ɗan bambancin ya sa furuktos ya fi gulukos zaƙi nesa ba kusa ba.

Idan su biyun suka haɗu, sai su zama sukuros, wato farin sukarin da ake tacewa daga ruwan rake. Shi ne dai a cikin mazarƙwaila, illa ita ba a tace ta sosai ba. Zuma kuwa galibinta furuktos ne da gulukos a warware. Laktos na madara shi ne mafi ƙarancin zaƙi a cikin waɗannan.

Shi zaƙi a kan harshe ake jin sa. Akwai wasu sinadaran furotin guda biyu, T1R2 da T1R3, waɗanda masana suka gano aikinsu na jin zaƙi a 2001. Duk abin da ya dace da siffarsu, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon zaƙi. Shi ya sa aspartem, wanda ba sukari ba ne, ya ninka sukuros zaƙi kusan sau 200.

A cikin hanji sukuros kan rabe gida biyu: gulukos ya bi jini, insulin ya taimaka masa ya shiga ƙwayoyin jiki, furuktos kuma hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Don haka masu guje wa farin sukari su koma wa zuma ba su yi nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da sukarin da ake zubawa a abinci, kuma a 2015 ta ba da shawarar kada su kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, ke nan kwalba ɗaya mai santilita 50 ta cinye kason yini guda.

A nan ne lamarin ya shiga siyasa. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan kayan sha a Najeriya. Sai dai yawan ruwan ta auna, ba ta kula da sukarin da ke ciki ba. Kamfanin da ya rage sukari da wanda bai rage ba, kuɗi ɗaya suke biya. Birtaniya kuwa, tun 2018 gwargwadon sukarin take karɓar harajin.